Sunan Dillali a Cikin Ƙunshi

A farkon shekarar 1824, zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wani Bature mai suna Kyaftin Hugh Clapperton ya sauka a birni. Ya yi makonni yana zaga kasuwar Kurmi, har ya ci karo da wata koriyar lema ƙirar Ingila wadda ta ƙetaro Sahara a bayan raƙumi, ya saya. Cikin abin da ya rubuta game da kasuwar akwai magana ɗaya da ta fi tsaya mini a rai. In falke ya sayi riga ko turkudi a Kano, ya tafi da shi a ƙunshe har Barno, sai can aka kwance aka tarar kayan bai kai yadda aka faɗa ba, to dawo da shi ake yi, ba musu. A cikin kowane ƙunshi an rubuta sunan dillalin da aka yi ciniki ta hannunsa. Dillali zai nemo mai kaya, shi kuwa mai kaya dole ya amayar da kuɗin da ya karɓa. Haka dokar Kano ta tanada.

A tuna fa, Kano da Barno a lokacin ba ƙasa ɗaya ba ce. Nan tutar Sakkwato ake bi, can kuma Shehu Laminu ke da ta cewa, kuma shekara uku bayan zuwan Baturen rundunar Barno ta shigo ƙasar Kano da yaƙi. Sarakuna na faɗansu, turkudi mai aibi na bin ayari yana komawa inda ya fito. Ba wata yarjejeniya aka sa wa hannu ba. Malaman ɓangarorin biyu Risala ɗaya suka karanta, duk wanda ya kai babin ciniki kuwa ya san mai saye na da damar mayar da kaya in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Su ma fatake sun san gobe ma rana ce: dillalin da sunansa ya ɓaci a Kukawa ya gama cin kasuwa a Kurmi. Tsoron Allah da tsoron asara ne suka haɗu suka riƙe abin.

A 1826 Clapperton ya sake dawowa, wannan karon ta kudu, ya biyo ta Zariya ya yada zango a Bebeji. Wannan tsohuwar hanyar fatake ce, da ɗan karkata nan da can, ta zama titin Kano zuwa Zariya, inda Ƙafin Maiyaki take zaune tana kallon manyan motoci dare da rana. Ta wannan yanki ake gangarawa Tudun Wadan Dankadai, a ratsa dajin Falgore a kai Doguwa. Masara da shinkafa da wake da rake suna fita. Abin da ke shigowa kuwa, je ka rumfar mai maganin feshi ko shagon kemis ranar kasuwa, ka ɗaga kwalba ka duba. Wannan daga Indiya, wancan daga Sin, wani rubutun jikinsa Faransanci ne, wani kuma an ɗura shi a tsohuwar gorar ruwa, ko harafi ɗaya babu. Cinikin biri a sama. Manomin da ya fesa maganin ciyawa bai ci ba, da uwar da ta ba ɗanta maganin zazzaɓi jiki ya ƙara rikicewa, wa za su mayar wa? Mai shago zai ce shi ma haka ya saro a Kano. Na Kano zai ce daga Legas. Daga Legas sai teku. Duk tarurrukan da ƙasashen duniya suka shafe shekara sittin suna yi a kan kare mai saye, in ka cire jawabai da tafi, abin da ake nema guda ne: yadda za a sake sa sunan dillali a cikin ƙunshi.

Tun zamanin gyaɗa hanyar komawar kaya ta zama mai ɓari ɗaya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manoma suka ga gyaɗa ta fi auduga kuɗi, suka rungume ta hannu bibbiyu. Cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan har da haifaffen Bebeji, Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a 1877 cikin zuriyar Agalawa, ya fara da fataucin goro zuwa Gwanja kafin ya zama babban mai saya wa kamfanonin Turawa gyaɗa. Da dalar gyaɗa ta fara tashi, Turawa suka kawo nasu tsarin duba kaya. Malaman duba amfanin gona su soki buhu su ɗebi samfur, su tankaɗe, su duba tsakuwa da ɓawo, su buga hatimi. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, ita ke yanke farashi. Duk wannan tsanani saboda mai matsar mai a Ingila ne, kada ya biya kuɗin gyaɗa a kai masa ƙasa. Ban ga laifinsa ba. Sai dai manomin da ya karɓi kuɗinsa ya shiga kanti ya sayi atamfa ko sabulu ko kananzir, ba wanda ya tsaya masa a kan ingancinsu. Sikelin da aka auna masa gyaɗar ma ba kullum yake faɗin gaskiya ba.

A shekarar da Nijeriya ta samu 'yanci, 1960, wata annoba ta afka wa gidajen kiwon tsuntsaye a Ingila, talotalo fiye da 100,000 suka mutu. Da aka bi diddigi, ashe tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Barazil. Akwai wata fumfuna da ke kama gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba, ko in an jibge su a wuri mai danshi. Ita ke fitar da dafin da aka sa wa suna afalatoksin. Dahuwa ba ta kashe shi, suya ba ta kore shi, daga baya kuma aka tabbatar yana haddasa ciwon dajin hanta. Kasuwar gyaɗar Afirka ta girgiza. A 1963 Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona suka ƙaddamar da kwamitin haɗin gwiwa mai suna Codex Alimentarius, domin ƙasashe su yi mudu ɗaya wajen auna abin da ya halatta a samu cikin abinci. A 1964 Nijeriya da Nijar da Senegal da wasu 'yan'uwa suka kafa majalisar gyaɗa ta Afirka don su riƙa magana da murya ɗaya.

Mudun dai bai zama ɗaya ba. A ƙarshen shekarun 1990 Tarayyar Turai ta tsaurara nata fiye da na Codex, ta ce gyaɗar da za a ci kai tsaye kada dafin ya wuce kashi 4 cikin biliyan. A 2001 wasu masu bincike na Bankin Duniya suka ƙiyasta cewa tsaurin zai ja wa ƙasashen Afirka tara asarar dala miliyan 670, alhali rayukan da zai ceta a Turai ba su kai biyu cikin mutum biliyan ɗaya a shekara ba. Kofi Annan da kansa ya ambaci wannan lissafi, wasu masanan bankin kuma daga baya suka ce an zuzuta shi. Ni ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Gyaɗar da aka tsince aka ce ba ta isa shiga jirgi ba, ina take zuwa? Ai ba binne ta ake yi ba. Ita ce mai araha, ita ake soyawa a yi ƙuli-ƙuli, yara su ci da gari a makaranta. A 2004 masara mai irin wannan dafi ta kashe mutum 125 a Kenya, akasari masarar da suka noma da hannunsu, wadda ba ta bi ta wata tashar jirgi ba balle a tare ta. Duk manomin Doguwa da ruwan ƙarshen damina ya taɓa dukan masararsa a shanya ya san irin launin da take yi.

A can ƙasashen masu hali, masu saye sun fara haɗa kai tun 1960, lokacin da ƙungiyoyi biyar daga Amurka da Ingila da Holan da Beljiyam da Ostareliya suka kafa ƙungiyar da yau ake kira Consumers International. Damuwarsu ta farko gwada firiji da injin wanki ce, a gaya wa mai kuɗi wanne ya fi. Sai da wani ɗan Malesiya, Anwar Fazal, ya zama shugabanta a 1978 sannan maganar ta sauko inda talaka yake. Shi da abokan gwagwarmayarsa suka ce mai saye a Asiya da Afirka bai kai ga zaɓen firiji ba tukuna, kayan da aka haramta a inda aka ƙera su ne ake lodawa a jirgi a kawo masa. Babbar nasararsu ta farko a kan madarar jarirai ta gwangwani ce. Kamfanoni na tallata ta ga matan da ba su da ruwa mai tsabta, su kuma su tsinke ta don gwangwani ya daɗe, jarirai na mutuwa da gudawa da tamowa. A Mayun 1981 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙa'idar tallata madarar. Ƙasa 118 suka ce e, Amurka kaɗai ta ce a'a.

A Afrilun 1985 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da jagorar kare masu saye, bayan shekaru ana ja-in-ja da manyan 'yan kasuwa masu ganin katsalandan ake yi musu. Shawara ce kawai, ba ƙasar da za a kai kotu don ta ƙi bi. Amma ta zama allon da ƙasashe da yawa suka kwafi dokokinsu daga jikinsa. Gwamnatin Babangida ta yi dokar kafa majalisar kare masu saye a 1992, majalisar ba ta fara aiki ba sai 1999. Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, kuwa makoki ne ya haife ta. A 1990 yara 109 suka mutu a yankunan Jos da Ibadan bayan shan ruwan farasitamol da aka haɗa da wani sinadarin masana'anta, dayetilin gilaikol. Yana da zaƙi, yana da araha, yana kashe ƙoda. A 1993 aka yi dokar kafa hukumar.

Abin da ya faru a Nijar a 1995 ya kamata ya riƙa sa mu sunkuyar da kai. Sanƙarau ya ɓarke a can, Nijeriya ta aika gudunmawar allurar rigakafi, kwalabe ɗauke da sunayen sanannun kamfanonin Turai. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF ne suka lura maganin ba ya narkewa yadda suka saba gani. Da aka bincika, kamfanonin suka ce ba nasu ba ne, kuma ba komai na rigakafi a ciki. Kafin nan an riga an yi wa mutum fiye da 50,000, sun koma gida da zaton sun tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar kimanin 2,500 da wannan. Kyauta ce tsakanin 'yan'uwa, suna ma akwai a cikin ƙunshin, sai dai na sata ne.

Shekara na zagayowa sanƙarau ya sauka a kanmu, ya ci rai fiye da 11,000 a Nijeriya, akasari a Arewa. Cikin wannan hali kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a Asibitin Zana na Kano, a kan yara 200. Kusan rabi aka ba su sabon, sauran aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, kuma da izini ya yi aikinsa. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Sai a Disambar 2000, da jaridar Washington Post ta fasa ƙwai, yawancin duniya ta ji. Shari'a ta yi ta yawo tsakanin kotunan Amurka da na Nijeriya, har a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. A 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya. Shekara goma sha biyar. Turkudin Barno da ƙafa yake dawowa, amma ba na jin ya taɓa daɗewa haka. Kuma tabon bai tsaya nan ba. Lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003 sunan Trovan na bakin mutane, ba a kuma ci gaba ba sai a Yulin 2004 da aka kawo magani daga Indunisiya.

Wadda ta fi kowa gane cewa jabun magani ba a tare shi a kan tiren mai talla ita ce Dora Akunyili, da ta riƙe NAFDAC daga 2001 zuwa 2008. Ƙanwarta ta rasu a 1988 sanadin jabun allurar ciwon suga, don haka ba aikin albashi take yi ba. Mutane sun fi tuna ƙone-ƙonen magunguna da rufe kasuwanni, da harbin da aka yi wa motarta a Disambar 2003 har harsashi ya huda ɗankwalinta. Amma aikin da ya fi tasiri ba kiɗa aka yi shi. Ta hana kamfanoni da dama na Indiya da Sin shigo da kaya. Ta ɗauki masu gwaji a can ƙasashen su duba magani tun kafin a loda shi. Ta kuma jawo takwarorinta na Afirka ta Yamma suka riƙa tsegunta wa juna, domin ta lura kayan da aka kora daga Legas maƙwabta suke sauka su shigo ta bayan gida. A 2009, bayan tafiyarta, hukumar ta kama maganin zazzaɓin cizon sauro da aka rubuta wa ƙirar Indiya, ashe a Sin aka yi shi, har gwamnatin Indiya ta kai wa ta Sin kuka. A 2010 aka fara sa lambar da ake kankarewa a jikin kwali, ka tura ta waya a amsa maka ko na gaskiya ne. A ganina ita ce dabarar da ta fi kusa da ta mutanen Kurmi. Sai dai tana neman wanda ya iya karatu, kuma mutumin da kuɗinsa ƙwaya biyu za su saya, ina ya ga kwali?

Gubar 1990 kuwa ba ta tafi ba. A ƙarshen 2008 ta dawo cikin maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, yara 84 suka mutu, har da waɗanda aka kwantar a asibitin koyarwa na Zariya, nan kusa da mu. A 2022 ta ɓulla a Gambiya, aka ɗora alhakin a kan magungunan tari da mura guda huɗu daga Indiya, yara kusan 70 suka tafi. Gambiya ba ta da ɗakin gwajin da zai gano gubar, sai da aka aika samfur ƙasashen waje. Ran 5 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi yekuwa, cikin 'yan kwanaki hukumomin ƙasashe, har da NAFDAC, suka baza sunayen magungunan. Indiya ta ce nata gwajin bai ga guba ba, amma daga Yunin 2023 ta wajabta gwada duk maganin tarin da za a fitar waje. Ci gaba ne, ba na raina shi, sai dai yawanci ihu ne bayan hari. Haka aka gani a Kano a watan Maris na 2021, da aka sayar wa masu haɗa lemo wani sinadarin masana'anta da sunan ɗan tsami. Ɗaruruwa suka kwanta asibiti, wasu suna fitsarin jini, gwamnatin jiha ta ce goma sun rasu. A Fabrairun 2024 aka rufe shagunan magani fiye da 1,000 a Sabon Gari, aka ce a koma sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro, a kan wannan titi namu na Zariya, domin a san ƙofar da kowane kwali ya shigo.

In kana son ganin ɓari ɗayan nan ƙuru-ƙuru, koma kan wake. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa nomansa a duniya, Nijar na bi mata. Wake kuwa abokin gabarsa ƙwaro ne. Ka zuba shi a buhu da kaka, kafin bazara ya koma huji da gari. Kakanninmu toka da yashi da barkono suke sawa. Masu tara buhuna ɗari-ɗari yanzu, suna jiran farashi ya ɗaga, fiya-fiya suke yayyafawa, ko su jefa ƙwayar nan da ake ce wa bom. A 2008 'yan mata fiye da 100 a makarantar sakandare ta Doma a Gombe suka kwanta bayan cin waken da aka sa wa maganin ƙwari na Gamalin. An yi surutu, NAFDAC ta haramta magungunan gona 30, aka manta. Can a Turai kuwa akwai tsarin da in an kama gurɓataccen abinci a tashar ƙasa ɗaya, nan take sauran za su sani. Daga 2013 sunan waken Nijeriya ya yi ta fitowa, fiye da sau 50, saboda sinadarin daikulobos, wato abin da ke cikin fiya-fiya da Sniper. Dokarsu ta ce kada ya wuce miligiram 0.01 a kilo, aka samu wanda ya kai 4.6. A Yunin 2015 suka hana shiga da waken, suka yi ta ƙara wa'adi. Mu kuwa sai a 2018, da bidiyon wasu 'yan kasuwa suna zuba Sniper a wake ya zaga wayoyi, majalisar kare masu saye ta fito ta ja kunnen jama'a. Waken da Bature ya ƙi, duk tsawon wannan lokaci a cikin alale da ƙosai da garau-garau yake.

Ita ma Turai ba za ta ce hannunta fes yake ba. Maganin ciyawa na farakwat an hana amfani da shi a can tun 2007, amma aka ci gaba da haɗa shi a Ingila ana fitarwa. Wani bincike da aka wallafa a 2020 ya nuna a 2018 kaɗai ƙasashen Tarayyar sun ba da sanarwar fitar da fiye da tan 81,000 na magungunan gona da suka haramta a nasu gonakin. Yarjejeniyar Rotterdam ta 1998 ta ce kada a aika wa ƙasa sinadari mai haɗari sai an sanar da ita ta yarda. Amma ba a sa sinadari cikin jerin sai kowa ya amince, ƙasa ɗaya ta isa ta hana, haka kuwa aka yi ta yi wa farakwat taro bayan taro. Faransa ta hana irin wannan fitarwa daga 2022. A 2015 an sabunta jagorar Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2019 Nijeriya ta maye gurbin tsohuwar majalisa da hukumar FCCPC mai ƙarfin hukunci, a 2020 kuma ƙasashe suka amince da shawarar kada kowa ya fitar da kayan da ya san suna da haɗari. Takardu sun yi kyau. Yaron da ke goye da tankin feshi a gonar shinkafa a bakin ruwan Tiga, ba takalmi ba ƙyallen hanci, yana gauraya magani da kara, bai san an yi ba.

Haɗin kan da na ga ya tako har ƙauye bai zo da doka ba, da buhu ya zo. A ƙarshen shekarun 1980 wani masanin ƙwari na Jami'ar Purdue ta Amurka, Larry Murdock, da abokan aikinsa 'yan Kamaru a Marwa suka gwada ɗaure wake cikin leda uku, ɗaya cikin ɗaya. Ƙwaro na numfashi kamar kowa. In iska ta ƙare sai ya daina ci, ya daina haihuwa, ya bushe. A 2007 gidauniyar Gates ta ba da kuɗi aka yaɗa dabarar a ƙasashe goma na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Masu bincike a Maraɗi suka sake gwadawa, malaman gona suka shiga ƙauyuka dubbai. A ɗaure buhu a gaban jama'a da kaka, a dawo bayan wasu watanni a kwance kowa na kallo, gani ya kori ji. A Kano aka riƙa ƙera buhunan, leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Buhun PICS ke nan. Ya fi na gargajiya tsada, ɓera na iya huda shi, kuma in ba a ɗaure bakin kowace leda daban ba an yi aikin banza.

Mai sayen tiya ɗaya kuwa har yau ba ta da hanyar sanin a wane buhu waken ya kwana. Wata ranar kasuwa na tsaya kusa da wata dattijuwa a layin 'yan hatsi. Ta damƙi wake fari sol ta kai hanci, ta mayar, ta wuce rumfa ta gaba. Can ta tarar da wanda ya ɗan huje, ƙwari biyu-uku na yawo a bakin kwano. Mai kaya ya fara ba ta haƙuri, yana cewa, “Baba, zan rage miki.” Ta ce, “Bar shi, ɗan nan. Tunda su suna ci suna tafiya, auna mini tiya biyu.”